Masta Dalyop da Takardar Waƙa

Duk wanda aka taɓa turawa a gado zuwa ɗakin hoto a wani asibiti da ke kudancin Landan, da wuya a ce bai ji fiton Dalyop Chollom ba. Aikinsa ke nan shekara goma sha bakwai, turin gadajen marasa lafiya daga wannan sashe zuwa wancan, kuma bakinsa ba ya hutawa. In ba fito ba, to waƙar coci ce yake gunguninta a maƙogwaro. An yi masa magana har an gaji an ƙyale shi. Abokan aiki Masta suke ce masa, haka ma a cocin da 'yan Filato suke taruwa a unguwar Lewisham. In ka kira "Dalyop" sai ka maimaita, amma in ka ce "Masta" ko daga ƙarshen baranda ne zai waiwayo.

Daga Bukuru ya taho da sunan. Yana ɗan shekara goma ya shiga 'yan badujalar cocinsu, hannun wani tsohon ɗan sanda da ake kira Baba Dachung. Shi Baba ba ya koyarwa da takarda. A bayan coci yake jera yara, ya rera layi ɗaya da baki, do-re-mi, sau biyu, sannan ya ce a busa. Wanda ya kama ya kama, wanda bai kama ba ya sha ranƙwashi. Abin da Baba ya fi tsana a duniya shi ne a bar waƙa fayau. Da masu jan waƙa sun tsaya jan numfashi sai ka ji ya daka tsawa: "Wa ya bar mini rami? Ku cike!" Nan take kowa zai lalubo muryar da ta dace ya zuba. Da haka suka yi bukukuwan aure da jana'iza da macin Ista, kuma a cikin yaran nan kaf babu mai cike rami kamar Dalyop. Da haƙoran Baba suka zube, shi aka miƙa wa jagoranci.

Ya sauka Landan da jaka ɗaya da ƙahonsa na badujala naɗe a cikin zanen uwarsa. Nan ya auri Eunice, 'yar Vom, mai aiki a gidan kula da tsofaffi, suka zauna a wani flat na council, gidan hayar hukuma, a hawa na uku. Sun daɗe ba su samu haihuwa ba, sai Allah ya ba su Sharon, ita kaɗai. Yarinya ce ta Lewisham tsantsa. Ka yi mata Hausa ta ji sarai, ta ba ka amsa da Turanci. Gwate kuwa sai an yi da gaske take kai loma biyu. Bukuru sau ɗaya ta gani, tana 'yar shekara huɗu, kuma abin da take tunawa kawai wani zakara ne da ya kore ta. Wannan abu yana ci wa Dalyop rai, ko da yake ba ya faɗa. Abu ɗaya ne nasa da yarinyar ta karɓa hannu biyu, shi ne ƙahon nan.

Tana shekara takwas ta fara. Maƙwabciyarsu ta ƙasa takan doki silin da sandar goge ƙasa in sun dame ta, don haka sai su cusa safa a bakin ƙahon su yi ta yi a hankali. Ran Asabar kuma su fita filin Ladywell su cire safar su saki jiki, masu yawo da karnuka suna tsayawa kallo. Yadda aka koya masa haka ya koya mata: ya rera, ta busa. In ya ja waƙa ya tsaya, ta cike. Kunnen yarinyar kuwa, kai, sai wanda ya gani. Ko waƙar talla ta ji a talabijin sau ɗaya, kafin a gama wanke kwanuka ta fitar da ita.

Watan Satumba Sharon ta shiga sakandare, da kwat ɗin makaranta wanda hannunsa ya rufe mata yatsu, don Eunice ta ce ba za ta sayi wani ba sai bayan shekara uku. Babbar makaranta ce, yara sama da dubu, kuma ƙawayenta na firamare duk an watsa su wasu wurare. Satin farko ta riƙa dawowa shiru, ta shige ɗaki. Sati na biyu ta shigo da gudu tun daga matakala tana kiran "Daddy! Daddy!" Ashe makarantar tana da band, wato 'yan badujala, kashi biyu, na 'yan koyo da na waɗanda suka iya. Malamar kiɗa, Miss Hartley, ta ce duk mai iya busa wani abu ya zo ya gwada. Sharon ta busa mata wata waƙar coci daga farko har ƙarshe ba gargada, malama ta ajiye biro ta ce daga ran Alhamis tana cikin manya. 'Yan aji ɗaya biyu kacal aka ɗauka. Ɗayar ita ce Zinatu, mai ganga, 'yar abokin aikin Dalyop.

Ranar Dalyop bai bar kowa ya huta ba. Ya buga waya Jos, ya buga Barking a gabashin Landan, har wani majiyyaci da za a yi wa hoton ƙafa sai da ya ji labari.

Da aka ba ta jakar takardun waƙa ta kawo gida ta shimfiɗa a tebur, layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige baƙaƙe a kansu kamar tururuwa a igiyar shanya. Ta ce ya nuna mata yadda ake bi. Dalyop ya ɗan leƙa, ya kau da kai.

"Ajiye wannan, 'yata. Wannan na waɗanda ba su da kunne ne. Ke dai ki saurari na kusa da ke sau ɗaya, shi ke nan."

Ta kuwa ajiye. Me zai sa ta yi shakka? Duk Lahadi tana ganin ubanta a gaban coci da littafi buɗe a kan ƙarfen ɗora takarda, har yana juya shafi. Ba ta san cewa baitocin Hausa kawai yake dubawa ba. Gaskiyar da babu wanda ya sani in ban da Eunice ita ce, Masta bai iya karanta ko ɗigo ɗaya na rubutun waƙa ba. Ba wai ya taɓa yi wa wani ƙarya ba ne. Ba a dai tambaye shi ba, shi kuma bai ga dalilin tona wa kansa asiri ba.

Sati biyu dabarar tana ci. Sharon takan yi kamar tana gyara ƙaho a zagayen farko, ta saurari yaron da ke gefenta, a zagaye na biyu ta shigo tsaf. A sati na uku asiri ya tonu, kuma ba a gida Dalyop ya ji ba. A ɗakin shan shayi na asibiti ne Gariba, uban Zinatu, mutumin Kumasi, ya ja shi gefe da Hausarsa ta zango.

"Masta, yarinyanka ya yi kuka jiya a school fa. Zinatu ya faɗa mini. Ya ce teacher ya tsayar da band duka saboda shi."

Abin da ya faru shi ne, an raba sabuwar waƙa. A tsakiyarta akwai wurin da aka rubuta wa masu ƙaho su yi shiru na dogon lokaci, a bar masu sarewa su kaɗai. Sharon ta ji an bar rami, ta yi abin da aka raine ta a kai, ta zuba murya mai daɗi ta cike shi. Miss Hartley ta ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Ta nuna wani wuri a takardar ta ce Sharon ta busa mata nan ita kaɗai. Yarinya ta zuba wa takarda ido, yara arba'in sun zuba mata nasu. Wani ƙaton ɗan aji huɗu ya ce wani abu daga baya, aka kwashe da dariya.

Ran Dalyop ya ɓaci ƙwarai. Da ya koma gida ya tarar an tura ƙahon ƙarƙashin gado, Sharon ta ce ita ta bar busa har abada. Ya yi ta safa da marwa a falo.

"Yarinya ta gyara musu waƙa, maimakon godiya sai a kunyata ta? Ran Litinin zan je makarantar."

Eunice tana yanka alayyafo ba ta ko ɗago ba. "Baban Sharon, kada ka je ka yi mana faɗa a makarantar mutane. Ka san inda matsalar take, ni ma na sani."

"Ina take?"

"Au, sai na faɗa?"

Duk da haka bai fasa ba. Ya yi musayar lokacin aiki da Gariba, ya sa kwat ɗinsa na coci da taye, ƙarfe uku da rabi yana bakin ofis ana manna masa takardar baƙo a ƙirji. Sharon ta biyo shi ɗakin kiɗa tana jan ƙafa.

Ya zo da shirin faɗa, sai ya tarar da wata 'yar siririyar mata mai furfura tana jera kujeru, ta tarbe shi da fara'a. Ta ce ta yi shekara ashirin tana koyarwa, ba ta haɗu da yara uku masu kunnen Sharon ba. Abin da yarinyar ta busa ran nan ma, in ji ta, yana da daɗi. Amma mutum arba'in ne a ɗakin, kowa da nasa layin, kuma in mai waƙa ya rubuta shiru to shirun ma cikin waƙar yake. Ta ce laifinta ne da ba ta gwada karatun yarinyar tun farko ba. Yanzu dai ko Sharon ta koyi bin takarda kafin half-term, hutun tsakiyar zangon karatu, sati huɗu ke nan, ko ta koma wurin 'yan koyo zuwa baɗi.

Sharon ta ce ba inda za ta koma, gara ta bari gaba ɗaya. Dalyop ya san halin 'yarsa, ya san ba barazana take yi ba.

Ya gyara taye ya fara bayani a kan yadda ake waƙa a wurinsu, da shekarun da ya yi yana jan badujala. Malamar ta saurara har ya kai aya, sannan ta zaro takardar ta miƙa masa da zuciya ɗaya, irin ta malami da malami. Ta ce tunda shi ma ɗan hannu ne ya duba da kansa, zai ga abin da take nufi.

Ya karɓa. Ya riƙe ta nesa, ya matso da ita kusa, ya laluba aljihu kamar mai neman tabarau, alhali tabarau na kan hancinsa. Sharon ta matso ta dafa hannunsa.

"Show her, Daddy."

Da gaske take so ya nuna wa malamar, ko kaɗan ba ta shakka. Wannan ne ya karya shi. Yana iya ya gyaɗa kai ya ce eh ya gani, ya mayar da takarda, ya fita da girmansa. To amma in ya yi haka, wa zai koya wa yarinyar a gida, kuma da wane ido zai ce mata ta koyi abin da ya ce na marasa kunne ne? Ya ji gumi na bin bayansa a cikin sanyin Oktoba. Ya juya wajen 'yarsa, ya yi mata magana da Hausa.

"Sharon, ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. Ni na ce ki ajiye takarda, don ba ni da abin da zan nuna miki a ciki. Laifina ne, ba naki ba."

Sannan ya maimaita wa malamar da Turanci, a gajarce. Miss Hartley ta buɗe kabad ta ɗauko littafin 'yan koyo mai hoton yara a bango ta ba Sharon. Dalyop ya share murya ya tambaya ko akwai na biyu.

Hanyar gida ba daɗi. Sharon tana gaba yana baya, suka ratsa kasuwar Lewisham masu kifi suna ta kwashe kaya. Sai a bakin tashar bas ta juyo, idonta jawur, ta tambaye shi me ya sa bai taɓa gaya mata ba. Ya ce kunya. Ta ce ita aka yi wa dariya, ba shi ba. Ya ce haka ne. Bai nemi kare kansa ba, kuma wataƙila shi ya sa da suka isa gida, bayan ta yi fushinta na kwana biyu, ita da kanta ta jawo ƙahon daga ƙarƙashin gado.

Daga nan gidan ya koma aji. Da yamma su share tebur su buɗe littafi biyu iri ɗaya. Suka gano ashe layukan nan an yanka su ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki bugu huɗu, kuma kowane ɗigo yana da suna da tsawonsa. Sharon tana tafiya kamar ana tura ta. Cikin kwana goma ta wuce shafi na ashirin, uban yana na bakwai yana fama. Mutum mai shekara hamsin da uku, ya sa littafin yara a aljihun rigar aiki, lokacin hutu ya fito da shi yana bi da yatsa. Gariba ya samu abin tsokana.

"Masta, yau wane class? Ka yi homework?"

"Rabu da ni, Gariba. Je ka tura gadonka."

Abin da ya fi ba su wuya su biyun shi ne shiru. Ba zama kawai ake yi ba, ƙirgawa ake yi: ɗaya-biyu-uku-huɗu, biyu-biyu-uku-huɗu, uku-biyu-uku-huɗu, har adadin ɗakunan da aka rubuta ya cika. Sai su kunna waƙa a waya, su ɗora ƙaho a cinya su yi ta ƙirga. Dalyop kafin ya kai ɗaki na shida kunnensa ya tafi bin waƙar, yatsunsa sun fara motsi, leɓensa na rawa. Eunice ta leƙo daga kicin ta gan shi zaune tsit yana zare ido.

"Ikon Allah! Shekara ashirin ina roƙo ka yi shiru na minti ɗaya ban samu ba, sai da Baturiya ta rubuta maka a takarda."

Alhamis ta ƙarshe kafin hutu, makarantar takan bar iyaye su shigo su kalli gwajin band. Ranar ce ranar Sharon. Miss Hartley ta riga ta gaya mata cewa za a raba waƙar da ba wanda ya taɓa ji, kuma a layinta akwai shiru na ɗaki goma sha shida, daga nan ita kaɗai za ta shigo kafin sauran masu ƙaho. In ta shigo daidai, kujera tata ce. Iyaye kamar goma sha biyar suka zauna a kujerun roba jikin bango. Eunice ta zo kai tsaye daga aiki da rigar aikinta, Gariba ya zauna yana ɗaga wa Zinatu hannu tana yi kamar ba ta san shi ba. Malamar ta wuce ta gaban Dalyop ta ajiye masa kwafin takardar Sharon a cinya.

Aka fara. Layin farko Sharon ta ɗan yi tuntuɓe a wuri ɗaya ta gyara. Sai aka zo wurin shirun. Ta sauke ƙaho ta ɗora a cinya, masu sarewa suka ɗauka su kaɗai, siririyar murya, ga rami nan a buɗe mai kiran a cike shi. Dalyop ya ga yatsun 'yarsa sun motsa a kan ƙahon, ta dunƙule su. Eunice ta raɗa masa, "Ta manta ne?" Ya girgiza kai, bai yarda ya buɗe baki ba don kada ƙirga ta kuɓuce masa. Ya danna babban yatsa a kan takarda yana bi. Tara. Goma. Sha huɗu, sha biyar, sha shida.

Ya ɗago, ya ga Sharon ba ta ɗaga ƙaho ba. Wayyo, ta ɓace! Ya miƙe zaune, ya zaro ido, ya gyaɗa mata kai da ƙarfi, har ya ɗaga hannu yana mata alamar ta shigo, yanzu, yanzu. Ta gan shi. Ido cikin ido suka yi. Ya ga ta ɗan yi jim, ƙahon ya taso kaɗan daga cinyarta. Sai ta kau da kai daga kansa ta mayar kan takarda, leɓenta na ci gaba da ƙirga. Bugu huɗu cur suka wuce, mafi tsawo a rayuwar Dalyop. Sannan ta ɗaga ƙaho ta shigo, a daidai lokacin da sandar da Miss Hartley take jagorantar kiɗa da ita ta sauko ta nuna ta.

Malamar ba ta tsayar da kowa ba. Sauran masu ƙaho suka biyo baya, ganguna suka shigo, waƙa ta tafi har ƙarshe. Dalyop bai ji rabinta ba. Yana zaune yana tunanin da yarinyar nan ta bi shi yau, da ya sake jefa ta cikin kunya. Abin ya sosa masa rai kaɗan, ba ƙarya, amma daɗin da ya ji ya fi ƙarfin ƙirjinsa, har sai da ya cire tabarau ya goge ido da taye.

Da aka tashi, Miss Hartley ta ce wa Sharon sai bayan hutu, kuma ta zo da fensir. Shi ke nan maganar da ta yi. Yarinyar ta ratso kujeru da ƙahonta a hammata ta tsaya a gaban uban, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

"You were early, Daddy."

"Na sani, 'yata, na yi gaggawa. Na sani." Ya miƙa mata takardar da ke cinyarsa, wadda gumin hannunsa ya jiƙa gefenta. "To nuna mini inda na ɓace."

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta ɗora yatsa a kan ɗaki na goma sha ɗaya, shi kuma ya mayar da tabarau ya sunkuyo.